Sabuwar Ma'adanar Waje Ta Ƙi Karɓar Fomatin: Tambayoyinku da Amsoshinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi sabuwar ma'adanar waje mai ɗaukar terabayit 4, irin ƙaramar nan da ake jonawa da wayar USB kawai ba tare da adafta ba, domin in kwashe hotuna da bidiyon aikina daga kwamfuta. Da na jona ta a kwamfutata mai Windows 10, fitilarta ta kama, na kuma ji tana juyawa, amma da na ce a yi mata fomatin sai aikin ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya, sannan saƙo ya fito cewa "Windows was unable to complete the format". Na sake gwadawa, bai canza zani ba. Yanzu ma duk lokacin da na yi ƙoƙarin buɗe ta, sai a ce mini sai an yi mata fomatin tukuna. Shin ni ne na lalata ta, ko da ma a lalace ta zo? Kuma akwai wata manhaja da zan sauke wadda za ta tilasta mata karɓa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka game da tambayarka ta farko, domin fomatin da ya katse a tsakiya ba ya illata injin ma'adana ko farantan da ke juyawa a cikinta, waɗanda a kansu ake rubuta bayanai. Abin da yake bari shi ne rubutun da bai kammala ba a farkon faifan, wanda Windows ba ta iya karantawa, shi ya sa take ta neman ka sake. Sai dai wannan bai wanke ma'adanar daga zargi ba, tunda har yanzu ba a san abin da ya katse aikin tun farko ba. A mafi yawan lokuta dalilin ba ya wuce ɗaya cikin uku: ko dai wutar da ke isa gare ta ba ta wadatar ba, ko tsarin rabon da ke kanta ya rikice, ko kuma ita kanta ta baro masana'anta da lahani. Biyun farko ana gyara su a gida cikin ƙanƙanin lokaci, na ukun kuwa ba naka ba ne ka gyara, na wanda ya sayar maka ne ya canza. Aikin da ke gabanka shi ne ka gane wanne ne a cikinsu tun wa'adin mayar da kaya bai ƙare ba, kuma babu wata manhajar tilastawa da za ta taimake ka a kan wannan.

Ka fara da wuta da waya, duk da cewa su ne mutane suka fi rainawa. Kamawar fitila ba shaida ba ce cewa wuta ta isa, domin abin da fitila ke ci bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da injin da ke juya faranti, wanda a mafi yawan ƙananan ma'adanai yake kewayawa sau 5,400 a minti ɗaya. Kafar USB 2.0 an ƙayyade mata miliamfa 500 ne a kan bolt 5, ita kuwa USB 3.0, wadda galibi za ka ga cikinta shuɗi, tana ba da 900. Ma'adana irin taka takan buƙaci abin da ya kusa wannan iyaka ta biyu a lokacin da injinta ke tashi, sannan rubutu ma yana cin wuta fiye da zama kawai. Saboda haka tana iya bayyana lafiya lau muddin ba a ba ta aiki ba, amma da zarar an fara rubutu sai wutar ta faɗi, ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, ita kuma Windows ta ce ta kasa.

Ana iya gane wannan da yatsa da kunne. Ka ɗora yatsanka a kan akwatin yayin da aikin ke gudana. Lafiyayyar ma'adana tana da 'yar kaɗawa mai ɗorewa wadda ba ta yankewa. Idan ka ji kaɗawar ta mutu ta sake tashi, ko wata siririyar ƙara tana maimaita kanta, ko ƙwas-ƙwas a jere, ko kuma kwamfutar ta yi sautin nan da take yi idan an zare na'ura an mayar, to akwai alamar wuta ce ba ta isa. Ka cire ta daga duk wata mahaɗa mai kafofi da yawa, musamman wadda ba ta da wutar kanta. Idan kwamfutar tebur ce, ka bar kafofin gaba ka zagaya baya, domin na baya a jikin babban allon kwamfutar suke kai tsaye. Idan ta tafi-da-gidanka ce, ka jona ta da caja kafin ka gwada. Ka yi amfani da gajeriyar wayar da ta zo a cikin kwali, ka kuma tabbatar bakinta mai faɗi ya shige gaba ɗaya. Bakin nan kashi biyu ne a haɗe, kuma tsohuwar wayar cajin salula tana shiga rabinsa har ma'adanar ta yi aiki, amma a matsayin USB 2.0, da ƙarancin gudu da ƙarancin wuta. Daga nan sai ka gwada wata wayar daban da wata kwamfutar daban. Manyan ma'adanai masu faifan inci 3.5 kuwa ba sa tashi sam sai da adaftarsu mai bolt 12.

Idan duk wannan bai canza komai ba, sai mu koma ga tsarin rabo. Sabon faifai kamar fili ne da ba a yanka ba: sai an shata iyakar fuloti an sa ta a taswira, sannan a buɗe wa fulotin rajistar da za a riƙa rubuta abin da aka ajiye a cikinsa. Shata iyaka shi ne rabo, buɗe rajista shi ne fomatin. Fomatin da kake yi ta cikin File Explorer rajistar kawai yake taɓawa, ba ya zuwa kusa da taswirar, don haka idan matsalar a taswira take, ko sau nawa ka maimaita amsa ɗaya za ka samu.

Ka latsa maɓallin dama na linzami a kan tambarin Start, ka zaɓi Disk Management. A ƙasan shafin za ka ga kowane faifai a layinsa, da girmansa a gefen hagu. Taka za ta nuna kimanin gigabayit 3,726, kuma wannan daidai ne. Shuɗin layi a sama yana nufin akwai yanki da aka shata, baƙin layi mai rubutun "Unallocated" yana nufin wurin da ba a shata ba, "RAW" kuma yanki ne da Windows ba ta gane rajistarsa ba. Idan ka ga faifan ya rabu biyu, ɗaya 2,048, ɗaya kimanin 1,678 da ya ƙi taɓuwa, to tsohon tsarin MBR ne a kansa. Wannan tsari tun 1983 ake amfani da shi, kuma lambobin da yake ƙirga guraben faifai da su suna ƙarewa a terabayit 2 idan kowane gurbi bayit 512 ne. Duk faifan da ya haura haka tsarin GPT ne ya dace da shi.

Hanya mafi tsafta ita ce a goge taswirar ɗungurungum a sake sabuwa, da wata manhaja da ke cikin Windows da ma, mai suna diskpart. Kafin ka fara, ka zare duk wani filashi ko wata ma'adanar da ke jone, saboda umarnin gogewar ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma wanda ya zaɓi faifan da ba shi ba ya yi asarar abin da ke kai nan take. Ka buɗe Command Prompt ta zaɓin Run as administrator, ka rubuta diskpart, sannan list disk. Ka nemo taka ta hanyar girmanta, ka rubuta select disk tare da lambarta, misali select disk 1. Kada ka wuce nan sai ka rubuta detail disk ka ga sunan kamfanin ma'adanar da idonka. Idan ka tabbatar, sai ka rubuta clean, sannan convert gpt, sannan create partition primary, sannan format fs=ntfs quick (NTFS shi ne tsarin rajistar da Windows ke amfani da shi), daga ƙarshe assign domin a ba ta harafi. 'Yan manhajojin da kamfani ke sakawa a kan sabuwar ma'adana za su tafi tare da gogewar, amma ana samunsu a shafin kamfanin idan ana bukata.

Idan aikin ya kammala, madalla. Idan kuma ya tsaya, to saƙon da diskpart zai ba ka ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba. Saƙon da ya ambaci "I/O device error" yana nufin magana ta yanke tsakanin kwamfuta da ma'adana, wanda zai iya zama waya, ko wuta, ko ɗan allon da ke cikin akwatin mai haɗa faifan da USB. Wanda ya ambaci "cyclic redundancy check" kuwa yana nufin abin da aka karanto bai yi daidai da abin da ya kamata a samu ba, kuma idan ya biyo ka har kan wata waya da wata kwamfuta, to zargi ya koma kan faifan kansa.

A nan ne za ka tambayi ma'adanar lafiyarta, domin kowane faifan zamani yana riƙe da bayanan kansa a wani tsari da ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, kuma tana karanta waɗannan bayanai a mafi yawan ma'adanan USB. Kada ka tsaya ga shuɗin tambarin da ke cewa lafiya, ka duba ginshiƙin ƙarshe na ɗanyen adadi a layuka uku: 05, wanda ke ƙirga guraben da suka lalace aka musanya su da na ajiya, C5, guraben da aka kasa karantawa ake jiran hukunci a kansu, da C6, waɗanda aka kasa gyarawa. A sabon faifai dukkansu sifili ya kamata su kasance. Ka kuma duba awannin da ya yi yana aiki, domin faifan da aka ce sabo ne amma yana nuna dubban awanni, tsoho ne aka sa wa sabon akwati. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne, faifan Seagate kan nuna manyan lambobi a layi na 01 da na 07 ko da lafiyarsa ƙalau, saboda yadda kamfanin ke lissafinsa, don haka kada wannan ya tayar maka da hankali. Seagate na da manhajar gwajinsa mai suna SeaTools, Western Digital ma na da tasa, kuma sakamakon gwajin kamfani hujja ce mai ƙarfi idan aka zo maganar garanti.

Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: sabuwar ma'adanar da ta nuna ko da lalataccen gurbi ɗaya, ko ta faɗi gwajin kamfaninta, ko ta ƙi fomatin a kwamfuta biyu da waya biyu, a mayar da ita. Za ka samu masu ba ka shawarar manhajojin da ke iƙirarin yin fomatin tun daga tushe. Ainihin wannan aiki a masana'anta ake yin sa, abin da manhajojin ke yi shi ne rubuta sifili a ko'ina, wanda kan sa faifan ya kawar da guraben da suka lalace ya ɗauko na ajiya. Bayan haka fomatin zai iya tafiya, kai kuma ka ɗauka ka yi nasara, alhali ka ɓoye alamar ciwon ne ka kuma ɗora aikinka a kan faifan da ya fara cin ajiyarsa tun ranar farko. An san cewa na'urori masu lahanin ƙira a farkon rayuwarsu suke nuna hali, kuma garanti don irin wannan aka yi shi. Ka ɗauki hoton saƙon kuskuren da na shafin SMART, ka haɗa da rasit da lambar da ke jikin akwatin. Kada kuma ka ɓalle akwatin don ka ciro faifan, domin hakan na iya soke garantin, sannan a wasu ƙananan ma'adanai kafar USB ɗin a jikin allon faifan take, babu wata kafar da za ka jona ko ka buɗe.

TAMBAYA: Malam, tawa mai terabayit 2 ce. Na cire alamar da ke kan Quick Format saboda an ce mini hakan ya fi inganci, yau kusan wuni guda ke nan aikin bai kai rabi ba. Ta maƙale ne in zare ta? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Kada ka zare, da alama aikinta take yi. Fomatin na gaggawa sabuwar rajista kawai yake rubutawa, shi ya sa yake ƙarewa cikin daƙiƙoƙi. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista da ta fito ga jama'a a 2007, yana bin faifan gurbi-gurbi yana rubuta sifili tun daga farko har ƙarshe. Lissafin ba wuya: terabayit 2 megabayit miliyan 2 ne, idan ana rubuta 100 a daƙiƙa ɗaya aikin zai ci fiye da awa biyar da rabi. Idan kuma a kafar USB 2.0 ka jona, inda gudun ba ya cika wuce megabayit 35 a daƙiƙa, to kana maganar awa 16 ko fiye. Ka kuma sani cewa rabin ƙarshe ya fi na farko jinkiri, domin rubutu daga bakin faranti yake farawa ya nufi tsakiya, kuma da'irar ciki ta fi ta waje ƙanƙanta, abin da ke wucewa ƙarƙashin allurar da ke karatu da rubutu a kowane juyi ya ragu ke nan.

Don ka bambance mai tafiya da wadda ta maƙale, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi faifan. Idan gudun rubutu yana nuna gomman megabayit yana ɗan hawa da sauka, ka ƙyale ta, ka dai hana kwamfutar yin barci har a gama. Idan kuwa faifan na nuna yana aiki ɗari bisa ɗari amma gudun rubutun yana zaune a sifili na tsawon lokaci, musamman idan kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, to ya ci karo da lalataccen wuri ne, sai ka bi abin da na faɗa wa mai tambaya ta farko game da SMART. Wanda ya ba ka shawarar bai yi kuskure ba. Cikakken fomatin ba ya ƙara wa faifai gudu ko ƙarko, amma gwaji ne mai kyau ga sabuwar ma'adana, tunda yana taɓa kowane gurbi tun ba ka ɗora mata komai ba.

TAMBAYA: Malam, na sayi wata ma'adana ta intanet da aka rubuta terabayit 16 a jikinta, 'yar ƙarama ce marar nauyi, kuma da araha sosai na same ta. Tana buɗewa, amma ta ƙi komawa NTFS, sannan wasu bidiyon da na zuba sun ƙi buɗuwa bayan kwana biyu. Mene ne mafita? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, ina jin tsoron abin da ke hannunki jabu ne. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera faifai mai faranti, wato Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma mafi girman abin da suke sayarwa a ƙaramin girman inci 2.5 bai wuce terabayit 5 zuwa 6 ba. Ma'adanar SSD (irin wadda ba ta da faranti mai juyawa) mai terabayit 16 ta gaskiya kuwa ba abin araha ba ce ko kaɗan. Abin da masu wannan ha'inci ke yi shi ne su sa ƙaramin katin ajiya ko filashi a cikin akwati mai kyan gani, su sauya bayanin da na'urar ke ba kwamfuta ta yadda za ta ce girmanta ya kai abin da aka rubuta. Kwamfuta ba ta aunawa da kanta, abin da aka faɗa mata take nunawa.

Wannan ne ya haɗa matsalolinki biyu wuri ɗaya. NTFS ba a farkon faifai kaɗai yake rubutu ba, yana ajiye kwafin bayanin tashinsa a can gurbin ƙarshe, kuma a irin wannan na'ura gurbin ƙarshen babu shi. Bidiyon kuwa, na farko sun samu wuri na gaske sun zauna, waɗanda suka biyo baya bayan katin ya cika ko dai an zubar da su ne ko an rubuta su a kan na baya, amma sunayensu da girmansu na nan a jeri kamar komai lafiya. Ki kwashe duk abin da yake buɗuwa yanzu, kada kuma ki goge asalin fayilolin daga inda kika kwafo su. Don ki samu hujja, ki sauke H2testw, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da mujallar kwamfuta ta c't ta ƙasar Jamus ta fitar, ko F3 idan Linux ko Mac kike amfani da shi. Tana cika wuri da bayanai sannan ta karanto su ta gwada. Ba sai kin jira ta cika terabayit 16 ba, ki ce ta gwada gigabayit 200 kawai, galibi kafin a kai nan asiri ya tonu, za ta kuma faɗa miki ainihin girman da ke ciki. Ki ɗauki hoton sakamakon ki nemi a mayar miki da kuɗinki ta hanyar ƙorafin dandalin da kika saya.

Kada sauran masu karatu su rikita wannan da ragin da ake gani a kowace ma'adana ta gaskiya. Mai terabayit 1 takan nuna gigabayit 931, mai 2 ta nuna terabayit 1.81, saboda kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirgawa, Windows kuwa da 1,024. Babu abin da aka rage wa kowa a nan.

TAMBAYA: Malam, ina aiki da Mac a ofis da Windows a gida. Sabuwar ma'adanata tana buɗewa a Mac amma ba na iya ajiye komai a kanta, da na je in goge ta a Disk Utility kuma sai ya ce aikin ya faskara. Wane tsari zan zaɓa da zai yi aiki a duka biyun? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ma'adanarka da NTFS ta zo, kamar yadda da yawa suke zuwa, kuma Mac tana karanta wannan tsari amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Ita ma Windows ba ta gane APFS, tsarin da Apple ya koma kansa a 2017. Abin da ya haɗa su shi ne exFAT, wanda Microsoft ya fito da shi a 2006, kuma dukkansu suna karanta shi suna rubutu a kansa. Ka manta da FAT32, domin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, kuma tagar fomatin ta Windows ba ta ma kawo shi cikin zaɓi idan faifai ya haura gigabayit 32.

Faskarar gogewar kuwa yawanci daga abin da ka zaɓa take. Disk Utility kan ɓoye ainihin faifan ya nuna maka yankin da ke cikinsa kaɗai. Ka shiga View ka zaɓi Show All Devices, sai ka ga sunan kamfanin ma'adanar ya bayyana a sama da yankin. Wannan na saman za ka zaɓa, ka latsa Erase, ka sa ExFAT a gurbin tsari, GUID Partition Map a gurbin rabo. Idan ya ce ya kasa sakin faifan (unmount), wata manhaja ce ke riƙe da shi, sai ka rufe komai, ka sake kunna kwamfutar, ka gwada kafin ka buɗe wani abu. Ka lura da abu biyu game da exFAT. Ba ya ajiye tarihin rubutun da yake kan yi kamar yadda NTFS da APFS ke yi, don haka fizge waya ana cikin aiki ya fi saurin rikita shi, wajibi ne ka riƙa fitar da ma'adanar ta hanyar Eject kowane lokaci. Sannan Time Machine, tsarin Mac da ke ajiye kwafin fayilolinka da kansa, ba ya aiki a kansa, idan ajiyar Mac ta kai-tsaye kake so sai ka ware mata wata ma'adanar ko wani yankin daban.

TAMBAYA: Malam, ni kuma cewa take yi "The disk is write protected", alhali babu wani maɓallin kullewa a jikinta. Daga wani mai karatu.

AMSA: Ka shiga diskpart kamar yadda na bayyana a sama, ka zaɓi faifan, ka rubuta attributes disk. Idan ya nuna an sa masa alamar karatu kaɗai, sai ka rubuta attributes disk clear readonly, ka sake gwada fomatin. Idan kwamfutar wurin aiki ce, mai yiwuwa masu kula da ita ne suka hana rubutu a kan duk abin da aka jona ta USB, kuma za ka gane haka idan filashin da ka san lafiyarsa ƙalau shi ma ya ƙi karɓar rubutu a kanta. Wannan su za ka tuntuɓa. Wasu ma'adanan kuma suna da kullen kalmar sirri na kamfani, wanda idan yana kunne sai ka ga wani ɗan ƙaramin faifai ya bayyana kamar CD, shi kuma ba ya goguwa, sai an buɗe kullen ko an goge ma'adanar ta manhajar kamfanin. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, kuma saƙon ya biyo ka zuwa wata kwamfutar, musamman idan ma'adanar SSD ce, to na'urar ce ta kulle kanta bayan ta gano matsala a cikinta. Irin wannan kulle ba ya buɗuwa da umarni, sai ka kwafe abin da ke kai idan akwai, ka mayar da ita a canza maka.